Ciyawar Bayan Khumra

Shekara biyar Ubale ya yi yana gadin filin da babu abin sata a cikinsa. Fili ne fetal a kudancin Jidda, can bayan Khumra inda kwalta ta ƙare, an kafa tsofaffin durori huɗu a kusurwoyinsa don a san iyaka. Ban da rairayi da tsakuwa, sai tumfafiya uku da wata ƙaya guda wadda ko raƙumi ya daina kula ta. A gefen gabas akwai ɗakin katako mai rufin kwano, nan Ubale yake zaune da matarsa Dela. Mai filin, Abdulghaffar, Bahaushe ne haifaffen Jidda, yana da kantin yadi a Ammariyya, kuma shi ne kafilin Ubale, wato mai tsaya masa a wajen hukuma. Da sunansa aka yi iƙama, takardar izinin zama, a filinsa ake kwana. Ranar da filin nan ya bar hannunsa, Ubale da Dela ba su da inda za su shimfiɗa tabarma.

Abin da ke cin ran Ubale kuwa, shi manomi ne ɗan manomi. A ƙauyensu na ƙasar Daura, in an kira gayya shi ake tsayarwa a kunyar farko, samari su bi bayansa suna haki. Ya zo aikin hajji shekarar da Nijeriya ta karɓi mulkin kai, guzuri ya ƙare, komawa ta gagara, sai ga shi a inuwar kwano yana korar ƙuda. Har wani maƙeri ya samu a Sa'alaba ya ƙera masa fartanya irin ta gida, ba don yana da abin nomewa ba, don dai kada hannu ya manta. Dela kan ce ba ta taɓa ganin fartanyar da ta samu hutu irin wannan ba.

Ana nan, wata Talata a ƙarshen hunturu, sai gari ya haɗe da hantsi. Ubale bai ko ɗaga kai ba, don ya saba da hadarin Jidda: ya taso da fankama, ya tofa yawu uku, ya wuce. Amma wannan bai wuce ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya wuni yana dukan kwano har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, washegari ya ƙara. Dela ta fito da duk wani abu mai baki ta tara, har da butar alwala. Ubale kuwa tsayawa ya yi tsakiyar fili ba hula, ruwa na bin gemunsa, yana shaƙar ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rabonsa da wannan ƙanshi tun a gida, kuma ba zai ɓoye ba, sai da ya yi ƙwalla.

Kwana uku bayan nan ya fito da safe ya ga ƙasa ta sake launi. In ya duƙa kusa ba ya ganin komai sai rairayi, in ya ja da baya sai ya ga wani kore-kore ya lulluɓe filin. Kafin mako ya zagayo abin ya wuce wasa. Duk shekarun nan ashe iri yana kwance a ƙarƙashin ƙafarsa yana jira, shi kuwa yana zagin wurin da cewa ko aljani ba zai shuka komai a nan ba.

Wasu ya san su tun daga gida. Ga tsidau da ƙananan furanninta ruwan ɗorawa, ga ƙarangiya, ga filasko, ga guna tana yaɗo tana neman hanyar ɗakinsu. Gasaya ma ta fito, Dela ta yi ta tsinka tana kwaɗo. Waɗanda bai sani ba su suka fi yawa, sai ya shiga raɗa musu suna. Akwai wani ɗan shuɗi da yake buɗewa da hantsi, kafin azahar ya rufe ya tafi hutawa. Wannan ya sa masa Akawu. Akwai wata fara mai dogon wuya da ba ta sakin ƙanshi sai bayan la'asar, ita ce Uwargida. Wani ja kuma da ya fito a gindin duro shi kaɗai, ba ya shiga cikin kowa, ya kira shi Baƙo.

Bayan ciyawa sai masu cin ta, bayansu sai masu cin su. Kullum safiya Ubale yakan bi sawun da aka bari a rairayi yana karantawa. Bushiya ta zo daga wajen ƙaya ta zagaya tumfafiya ta koma. Ɓeran daji mai tsalle ya wuce, yanyawa ta bi shi, daga yadda sawun ya ƙare kuwa ba ta samu ba. Wani damo mai ƙayar jela ya buɗe raminsa da ya daɗe a toshe, ya fito yana kiwon furanni yana gyaɗa kai, duk wanda ya wuce sai ya gyaɗa masa. Malam-buɗe-littafi ya cika wurin. Alhudahuda biyu suka sauka suna caccakar ƙasa, tsattsewa na shawagi ƙasa-ƙasa, salwa na gudu cikin ciyawa ba a ganin komai sai motsinta. Wata safiya ma garken shamuwa ya sauka a tsakiyar fili, ko dai 'yan'uwan shamuwa, don waɗannan sun fi ta gida fari da tsawo. Ubale ya tsaya daga nesa ya yi musu sannu da hanya, ya tambaye su ko ta Daura suka biyo. Suka yi banza da shi.

"Malam, lafiya kuwa?" in ji Dela daga bakin ƙofa. "Tun safe kana tsugune kana hira da ciyawa."

"Wace hira? Duba irinta nake yi, in san ta inda zan ɓullo mata."

"To Allah ya sa. Ni dai na ga mutum da gemunsa yana sunsunar fure. Da a gida ne da yanzu an yi maka waƙa."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. A inda aka haife shi, ciyawar da ta kai ga yin fure a filin da ke hannunka shaida ce a kanka. Ba a cewa ta yi kyau, cewa ake yi mai wurin rago ne ko ya mutu. Ubale ya san haka sarai. Amma gari na wayewa sai ƙafarsa ta kai shi wajen Akawu, ya ga ko ya fito aiki.

Ranar da ruwa ya kwana goma sha biyu, sai ga motar Abdulghaffar tana tafe tana tangaɗi. Ya fito da farar riga da ƙyalle a kafaɗa, ya tsaya a bakin fili, ya goya hannu a baya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ja dogon numfashi, bai ce uffan ba. Ubale ya san wannan tsayuwar. Haka mahaifinsa yake tsayawa a bakin gonar da aka bari ta yi ciyawa, kuma abin da ke biyo bayan shirun ba shi da daɗin tunawa.

"Ammi Ubale," in ji Abdulghaffar can, da Hausarsa mai ratsin Larabci, inda baffa ake ce wa ammi, "duk wannan cikin sati biyu?"

"Wallahi ranka ya daɗe, abin ne ya zo da yawa lokaci guda," in ji Ubale, kansa a ƙasa.

"Isma', ka ji. Akwai wani mutum yana so ya saya, zai gina makhzan, wajen ajiye kaya. Ni na yarda. Amma Ummi ta ce la, a'a, filin mijinta ne, ba a sayarwa sai ta gani da idonta. Juma'a ta sama zan kawo ta, da iyali duka. In wurin ya yi mata, halas, shi ke nan, babu sayarwa. In bai yi mata ba…" Ya buɗe hannu biyu. "Ka kula da shi tamam, sosai, ya Ammi. Kada akuyar kowa ta shigo."

"In sha Allahu Hajiya za ta same shi yadda ya kamata."

Mota na juyawa Ubale ya dubi Dela, Dela ta dube shi. Babu wanda ya ga buƙatar shawara. Tsohuwa mai daraja za ta taso tun daga cikin gari ta duba filin mijinta, kuma zamansu ya rataya a kan abin da idonta zai gani. Wace uwa ce za ta ga gadon 'ya'yanta ya zama kurmi ta ce a ci gaba da riƙe mai gadin? Maganar akuya ma Dela ta fassara ta: mutumin kirki ne, yana nufin kada a bar wa dabba aikin da mutum ya kamata ya yi.

Washegari da sassafe Ubale ya wasa fartanya ya fara daga duron yamma. Kwanan farko hannunsa ya yi bororo, bayansa ya riƙe, sai da Dela ta gasa masa da ruwan zafi. Kwana na biyu jiki ya tuna. Ya shiga tafiya a duƙe yana waƙar noma, ƙasa na juyawa a bayansa baƙa mai laushi, kuma rabon da ya ji shi mutum ne kamar haka har ya manta. Ba nomewa kaɗai ya yi ba. Tunda manyan baƙi za a yi, sai ya bi ya tada kunya, miƙaƙƙiya, wadda in ka tsaya a wannan baki za ka hango wancan.

Sai dai daɗin bai zo shi kaɗai ba. Ranar da ya iso wajen Akawu da hantsi ne, ya same shi a buɗe, sai ya kewaye shi ya ci gaba, ya bari sai bayan azahar da ya rufe sannan ya dawo ya sare. Uwargida da safe ya ɗauke ta, kafin ta saki ƙanshi. Damo ya fito ya ga an share masa kiwo, ya daɗe yana kallon Ubale, wannan karon bai gyaɗa kai ba. Salwa suka tashi, malam-buɗe-littafi ya ragu, sawun bushiya ya koma ta bayan iyaka. Ubale ya ji ba daɗi ƙwarai, amma ya ce wa kansa tausayin ciyawa ba halin manomi ba ne. Dela kuma tana biye tana kwashe abin da aka nome tana tarawa a bayan ɗaki, ta ce in ya bushe ta samu na hura wuta.

Ranar Juma'a ta zo saura ɗan wuri a kusurwar kudu, bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Ubale ya lissafa baƙi sai bayan la'asar, ya ce kafin ya tafi masallaci ya gama. Ya sa fartanya ke nan sai ya ji ƙugin mota. Ya ɗaga kai ya hango biyu, ta Abdulghaffar a gaba, a baya wata buɗaɗɗiya cike da mata da dardumai da tukwane.

"Dela! Sun yi sammako!" ya ce, ya duƙa ya kama sara ba ji ba gani.

Motar gaba ta ci birki. Abdulghaffar ya leƙo ta taga, ya dubi filin, ya dubi durori don ya tabbata bai ɓata hanya ba. Sai ya hango mutum a can kusurwa yana gamawa da ɗan koren da ya rage.

"Ya Ammi! Ya Ammi Ubale! Esh hada? Mene ne haka? Tsaya!"

Ubale ya ji ihu, ya san na fushi ne, kuma a ganinsa fushin yana kan hanya: an ba shi kwana goma bai gama ba. "Yanzun nan, ranka ya daɗe! Saura kaɗan!" Ya ƙara wuta.

Abdulghaffar mutum ne mai jiki, rabonsa da gudu tun yana makaranta. Ya tattare riga ya sheƙo, ga kunya an tada ta da gaske, kowace sai ya tsallaka. A ta bakwai takalmi ɗaya ya tsaya, a ta goma sha wani abu ya faɗi da hannu biyu, ya tashi ya ci gaba yana kiran sunan Allah. Ubale na ganin ya matso sai ya ƙara sauri. Da ƙyar ya iso ya rungume shi ta baya, suka yi ta juyi da fartanya a tsakaninsu, wannan na cewa "Haram alek, sake!" wancan na cewa "Bari in ƙarasa, don girman Allah, sara goma ne!" Mata a mota suka sa salati.

Da aka raba su, abin da ya tsira bai fi tabarma biyu ba.

"Ina furannin?" in ji Abdulghaffar yana haki, ƙasa har a gira. "Ina rabi'in, koren nan da na gani da idona? Mutanen Jidda suna ɗaukar mota su yi tafiyar awa uku don su zauna a kan ciyawa irin wannan, su sha shayi! Mu Allah ya kawo mana har gida, kai kuma ka… ka aske shi!"

"Su zauna a kan ciyawa?" in ji Ubale. "Da gangan?"

Ya waiwaya ya nemi Dela don ta taya shi jin wannan magana. Dela ta riga ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Sai ga Hajiya Luba, mahaifiyar Abdulghaffar, an riƙo ta ana tsallakar da ita kunya ɗaya-ɗaya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta haura tamanin, idonta ɗaya ya yi fari. Ta nuna gefen ɗan koren da sandarta aka shimfiɗa mata darduma, ta ce a sauke kaya, a hura tukunyar shayi. Haka mutum goma sha ɗaya suka kewaye ciyawa tabarma biyu suka zauna, kowa da ɗan kofinsa, suna kallon ta kamar masu zaman gaisuwa. Wani malam-buɗe-littafi guda ya zo ya sauka, duk aka bi shi da ido har ya tashi.

"Kai ne manomin?" in ji tsohuwar. Hausarta ta fi ta ɗanta tsabta. "Matso nan, ɗan nan."

Ubale ya matso ya durƙusa. Ya riga ya fara tunanin wanda zai ba su aron ɗaki a Sa'alaba.

"Ka iya kunya, ba laifi. Me ka nome?"

"Ciyawa ce, Hajiya."

"Na san ciyawa ce. Wace iri?"

Ya fara a hankali, da tsidau da filasko. Ta ce waɗannan ta san su, sai me? Sai ya ambaci ɗan shuɗin da ke tashi aiki kafin azahar, bakinsa ya suɓuce ya faɗi sunan da ya sa masa. Tsohuwar ta kwashe da dariya har da tari. Daga nan bakin Ubale ya buɗe. Ya nuna mata inda Uwargida take da lokacin da take sakin ƙanshi, da gindin duron da Baƙo ya fito. Ya tashi ya gwada mata tafiyar bushiya, da yadda yanyawa ta sha ƙasa a bayan ɓera, da gaisuwar damo. Ya faɗi ranar da kowane fure ya buɗe, da wanda ya riga wani, da safiyar da shamuwa suka sauka suka ƙi amsa sallama. Shayi ya huce a hannun mutane. Abdulghaffar ma da ya juya baya don fushi, sai ga shi ya juyo.

"Duk ka ga wannan," in ji Hajiya Luba, "kuma ka sa masa fartanya."

"Kunya na ji, Hajiya. A wajenmu abin kunya ne."

"Na sani. Iyata ma haka take, ko a tukunya ta ga tsiro sai ta tuge." Ta juya kofin a hannunta. "Ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin ƙasarku ba. Ta ce mini can in damina ta yi, kore ne har iyakar ganinka. Ban taɓa yarda ba sai da mai gidana ya kawo ni filin nan bayan wani ruwa. Sau uku na gani a rayuwata. Na ƙarshe shekara tara ke nan, lokacin idona biyu."

Ubale ya rasa inda zai sa kansa. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ummi," in ji Abdulghaffar, "yalla, kin gani dai. Babu komai a nan. In gaya wa mutumin ya zo?"

"Me na gani? Cewa na yi sai na gani da idona, ban kuwa gani ba, labari aka ba ni. Ba a sayarwa. In an sake ruwa irin wannan, shi wannan zai zo har Ammariyya ya kira ni. In zauna a ciki wuni guda, in sha shayina. Bayan nan ka sayar wa wanda ka ga dama, ka gina abin da za ka gina." Ta nuna fartanya da sanda. "Wannan kuma a sa ta a mota."

Aka sa fartanya a mota tare da tukwane. Kafin azahar suka kama hanya don maza su samu Juma'a, Ubale ya bi su a buɗaɗɗiyar motar, ya dawo da la'asar a ƙafa daga bakin kwalta. Ya tarar Dela ta fito tana zaune a bakin ƙofa, fuskarta wasai.

"To Malam, Allah ya rufa asiri," in ji ta. "Na ji komai ta jikin katako. Muddin ba a yi ruwa ba muna nan. Shekara tara fa ta ce! Kai dai yanzu sai ka iya bakinka wajen addu'a."

Ubale ya wuce ta. Ya tafi kusurwar kudu ya tsuguna gaban ɗan abin da ya rage, inda dardumai suka bar shaida a ƙasa. Lissafin Dela daidai ne, ya juya shi ta kowace fuska bai ga kuskure ba. Tun da ya yi wayo bai taɓa ɗaga hannu bayan salla bai roƙi ruwa ba, ko a nan inda ba shi da ko zangarniya. Yau ruwa shi ne abin da zai raba shi da makwanci. Ita kuma tsohuwar ta haura tamanin, da ido ɗaya.

Da rana ta faɗi ya yi alwala ya yi magariba a ƙofar ɗaki. Ya sallame, ya ɗaga hannu, ya daɗe a haka. Dela tana daga ciki ta kasa kunne.

"Allah ka ba mu ruwa," in ji Ubale. "Mai yawa. Kuma kada ya daɗe."

Dela ta yi tsaki. Can kuma, a hankali, ta ce amin.